Shatin Keke a Haƙarƙarin Ɗan Fari

Garin Dado, Falanko
Talata

Zuwa ga ƙanwata Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin likitan da ya hana ki leƙo mu tun sallar layya. Mu nan sai godiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya saba da taɓarya ne aka damƙa wa alƙalami da tsufa a ajin karatun manya. Gajere direba zai kawo miki takardar nan tare da busasshiyar kuɓewa da ƙullin gyaɗa. Ki duba bakin ƙullin da kyau, kin san Gajere da gyaɗa.

Bana hatsi ya yi, alhamdu lillahi. Sai dai Maigari ya sa an yi shela cewa an kusa sakin gonaki, garkunan makiyaya suna hanyar saukowa daga arewa, wanda bai kwashe nasa ba kada ya kawo ƙara. Saboda haka kowa na gona tun da sassafe. Zuhaira, matar ɗanki, ta tafi Tarka gidan iyayenta goyon ciki, tunda na fari ne. Gidan ya yi mini faɗi. Ni ke yi masa tuwo yanzu, in ajiye kwano a bakin ɗakinsa in wuce.

To, dama ɗan naki ya faɗi da keke. Ranar kasuwar Falanko ne, yana dawowa da buhun gishiri a baya, ƙafar gaba ta nutse a rairayin korama, keke ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ban gani ba, baffansa Mustafa ne ya ba ni labari yana dariya. Ya ce ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya turo keken har gida. Ya ƙuje a gwiwa, cinyarsa ta ɗan kumbura, washegari ya koma yankan hatsi. Kafaɗar hagu kawai yake kuka da ita. An kai shi wurin mai ɗori, ya lallatsa, ya ce ba karaya ba targaɗe. Na ji ɗan naki ta bayan danga yana ce wa Mustafa abin na ba shi mamaki, don shi bai bugu a kafaɗa ba, kuma in ya kwanta ne ta fi damunsa.

Ki aiko da man nan mai zafi da ake shafawa. Kada ki ce ni na tambaya, ki ce labari kika ji. Na so in kira ki, amma wayar tasa ce, kuma sai an hau tudu ake samun rezo, wayar ta shiga. Ba zan ari wayar mutum in hau tudu in yi maganarsa a gaban gari ba.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayarki,
Hajjo

*

Damagaram
Laraba

Yaya Hajjo,

Wa alaikumus salam. Mun samu saƙo, mun gode, Allah ya ƙara arziki. Gajere ya rantse mini ɓera ne ya huda ƙullin gyaɗa, ni kuwa ban taɓa ganin ɓeran da ke sake ɗaure ƙulli ba.

Na karanta takardarki, na ga “ɗanki” da “ɗan naki” har na gaji. Yaya, yaron nan yana da suna, Yahuza, da rago aka raɗa masa shi. Ya haura shekara talatin, ga shi zai zama uba, ke har yanzu kina kewaye sunansa kamar mai kewaye rijiya. Na san kunyar ɗan fari ce, kuma na san gorina ba zai sa ki daina ba, shi ya sa zan bar wannan in zo kan abin da ya dame ni.

Ban aiko da man ba. Na yi ta kiran wayarsa, da ƙyar ta shiga, ya ce mini, “Inna, garau nake, keken ne ke jinya.” Ya yi dariya, amma dariyar gajera ce, kamar yana tsoron ja da numfashi.

Bari in gaya miki yadda abin yake. Ƙujewar gwiwa da kumburin cinya ba su tayar mini da hankali ba. In mutum ya bugu jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, wurin kan yi duhu, ya yi tsami, kullum yana raguwa har ya baje da kansa. Wannan haƙuri kawai yake so da tsumma mai sanyi. Wanda ake garzayawa wurin likita dominsa shi ne kumburin da ke ƙaruwa yana tauri, ko gaɓar da ta ƙi ɗaukar nauyi ko ta mutu ba a jin ta, ko buguwar kai da amai ko ruɗewa ya biyo baya, ko jini a fitsari. Wanda ya fi duka kuwa shi ne buguwar ciki da haƙarƙari, don a nan abin da ke waje ƙarami ne, ɓarnar tana ciki.

Kafaɗar nan ce ta hana ni sukuni. A ƙarƙashin haƙarƙarin hagu akwai saifa. In ta tsage jini yana tsiyaya a cikin ciki, sau da yawa kafaɗar hagu ce ke ɗaukar ciwon, musamman in an kwanta. Mutum zai iya kwanaki yana yawonsa, sannan rana ɗaya ya zube. Ban ce shi ne ba, amma ina so in san inda hannun keken ya doke shi.

Ki tambaye shi. Ki sa ya ɗaga riga ki duba gefen hagu. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki ga ko ta yi fari, ki duba tafin hannunsa. Ki lura ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko ƙishirwa ta yi masa yawa, ko yana gumi mai sanyi. Kada ya sha ƙwayoyin ciwon jiki na ’yan tebur, wasu suna ƙara gudun jini. In kin ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi gidan likita a ranar, ba sai an gama girbi ba.

Ki ba Gajere amsa gobe. Ina gaida Mustafa da mutan gida.

Ƙanwarki,
Sadiya

*

Garin Dado
Alhamis

Sadiya,

Sallama da gaisuwa. Na samu takardarki, na karanta ta sau biyu, na biyun a cikin rumbu don kada a gan ni.

Ban tambaye shi ba, kin san ba zan iya ba. Amma na gani. Da la’asar ya dawo daga gona, ya tsuguna bayan ɗakinsa zai yi alwala, ya ɗaga riga yana duba jikinsa, ni kuma ina wajen ramin dangar da akuya ta ci. Akwai shati a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, zagayayye, kamar bakin kofin shayi. Kewayensa ya yi duhu har zuwa wajen cibiya. Da ya miƙe sai da ya dafa bango ya tsaya. Idonsa ban duba ba, rabona da kallonsa ido cikin ido tun yana shan nono. Tafin hannu dai na gani da ya ɗaga yana addu’a, ya yi fari kamar na mai niƙa. Tuwon jiya ko rabi bai ci ba, amma tulun da na cika masa da safe ya ƙare kafin magariba. Da nake shara na tsinci fankon ƙwayoyin nan a ƙofarsa.

Na je wurin Mustafa na karanta masa abin da kika ce. Ya ce mutumin da ke ɗaukar dami a kai ba mara lafiya ba ne, mataccen jini ne ya kwanta, kuma ya riga ya yi wa wanzami magana, zai zo ranar Asabar da hantsi ya yi masa ƙaho a wurin. Duk da haka ya taɓa masa zancen likita. Ɗan naki ya ce in ya tafi, shanu su cinye hatsin da zai ciyar da mai jego? Ya ce a bari a gama kwashewa tukuna.

Kin yi mini gori a kan suna. Ke lakwal, makarantar boko, ta ɗauke ki kina ƙarama, kin manta yadda aka rene mu. Ranar da aka yaye shi Iya mahaifiyarmu ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ke kika dinga goya shi, shi ya sa yake ce miki Inna, ni kuma yake ce mini Yaya kamar yadda ya ji kina faɗa. Lokacin da ya yi ƙyanda har aka fid da rai, ina bayan ɗaki ina daka, ban leƙa ba. Matan gari suka yi ta yabona, wai Hajjo ta cika ’yar mutunci. Ba wanda ya san hatsin da na daka ranar sai da aka zubar wa kaji, don ban san abin da hannuna ke yi ba. Haka na ga Iya ta yi wa yayanmu, haka na yi, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba. Mahaifinsa ne ke shiga tsakaninmu da yana raye, in na gaya masa abu ya isar. Yanzu babu shi.

Ina jin tsoro, Sadiya. Ki sake kiransa, ke yana jin maganarki.

Allah ya sa mu ji alheri.

Hajjo

*

Damagaram
Juma’a da yamma

Yaya,

Sallama. Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, ki yafe ni.

Duk abin da kika gani shi nake tsoro. Yahuza na zubar da jini a ciki. Kada a bari ƙaho ya taɓa shi, kada a gasa wurin, kada a danna. Jinin da ke neman kashe shi ba a fata yake ba.

Na kira wayarsa har na gaji, ba ta shiga. Na samu majo, babban ma’aikacin gidan likitan Falanko, na yi masa bayani, yana jiran ku, zai sa masa ƙarin ruwa ya turo shi nan da motar likita. Amma ya ce ba zai iya zuwa ya ɗauko babban mutum daga gona da ƙarfi ba, kuma gaskiyarsa. Gajere zai taso da asuba, ya yarda zai tsaya a ƙofar gidanku har sai an sa shi a mota. A kwantar da shi, kada ya zauna, kada a ba shi abinci ko fura. Ni zan tsaya nan in shirya masa gado, in nemo masu ba da jini.

Kin ce yana jin maganata. Ba ya ji, Yaya. Tun yana yaro nake yi masa faɗa, ya saba, dariya yake mayar da ni. Mustafa ma ya gwada. Ke kaɗai ce ba ki taɓa roƙonsa komai ba a duniya, don haka bai san yadda ake ce miki a’a ba.

Matan gari za su yi magana, na sani. Za su gaji su bari.

Sadiya

*

Damagaram
Lahadi

Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Ki kwantar da hankalinki, yana raye. An shiga da shi aiki jiya bayan isowarsu, saifar ce kuwa, ta tsage, an cire ta. Likitan ya ce jinin da ya samu a cikinsa ba na mai yankan hatsi ba ne, bai san da me yake tsayuwa ba. Maigidana da Gajere sun ba da jini. Daga yau na yafe wa Gajere gyaɗa har abada.

Ya farfaɗo, ya sha ruwa kaɗan. Mutum na rayuwa ba saifa, sai dai daga yanzu ba zai zauna da zazzaɓi a gida ko na yini ɗaya ba, kuma gidan sauro ya zama dole. Akwai allurai da za a yi masa kafin a sallame shi.

Mustafa ya ce kin raka su har Falanko, da motar likita ta zo kika ce kin bar akuyoyi ba ruwa, kika juya gida. Na tambaye shi yadda aka yi Yahuza ya yarda ya shiga mota, sai ya hau gyaran hula. Na tambayi Gajere, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, ya ce shi direba ne, hanya yake kallo. Shi kuma mara lafiyan in na tambaye shi sai ya juya fuska bango. Me kika ce masa?

Ki huta, ki ci abinci. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
Sadiya

*

Damagaram

Zuwa ga Zuhaira, a Tarka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Inna da duk mutan gida. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Na san kin ji labari, kuma na san an ƙara masa gishiri kafin ya iso Tarka. Ina samun sauƙi, har na fara takawa zuwa bakin ƙofa. Mun yi magana a waya, amma Inna Sadiya na zaune a kaina kamar mai gadin rumbu, abin da nake so in gaya miki kuma ba na gaban mutane ba ne. Shi ya sa na nemi takarda.

Ni dai na ɗauka gajiya ce. Shatin da hannun keke ya bar mini bai kai tafin hannu ba, ban ga abin kai wa likita a ciki ba, ga hatsi a tsaye, ga shanu na tafe. Ranar Asabar na so in fara zuwa gona kafin wanzami ya zo, ƙafafuna suka ƙi. Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, gindin aduwa. Wanzami ya jera ƙahonninsa, ya fito da aska. Baffa Mustafa na nan, da liman, da wasu dattawa da suka tsaya gaisuwa. Na tuɓe riga ke nan motar Gajere ta tsaya, ya shiga gida da takarda a hannu, ya fito ya jingina da mota.

Jim kaɗan sai ga Yaya. Kin san ta, ko ina zaune ni kaɗai a ƙofar gida, ta baya take zagayawa. Ranar ta fito ta tsakiyar maza, mayafinta a karkace, hannunta duk gari. Ta zo ta durƙusa a gabana, ta sa yatsa ta ja fatar idona ta duba. Zuhaira, ban san hannunta yana da kaushi haka ba, don ban tuna ranar da ya taɓa ni ba.  Baffa ya fara cewa, “Hajjo, lafiya?” Ba ta ko dube shi ba. Ni ta duba, ta ce:

“Yahuza, tashi mu je likita. Ni na haife ka, ni ke roƙonka.”

Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Har na ɗan waiga, kamar da wani take. Zancen hatsi ya fita daga raina. Liman ne ya fara miƙewa ya kama ni, wanzami da kansa ya naɗe tabarmar aka shimfiɗa mini a mota. A hanya ta ɗora kaina a cinyarta, duk ramin da motar ta faɗa sai ta dafe mini gefen da hannu, haka har Falanko. A can na suma, sai a nan na farka.

Ina kwance ina ta tunani. Da na ɗauka ba ta damu da ni sosai ba, na ɗauka haka Allah ya yi ta, ban kuma riƙe ta a zuciya ba. Yanzu Inna Sadiya ta gaya mini ita ce ta ga shatin ta ramin danga, ita ta lura da tulun ruwana da tafin hannuna. Ashe duk shekarun nan ana kallona ban sani ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, har mai jinyar gadon kusa ya ɗauka ɗinkin ne ke ciwo.

Abin da ke cikinki shi ma na fari ne. Na san abin da za a ce mu yi, kuma ba na so mu zama abin nuni a gari. Amma ina so mu yi shawara, ni da ke, kafin ya zo.

Ki kula da kanki. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Yahuza

*

Garin Dado

Sadiya,

Assalamu alaikum. Na samu takardunki, na gode Allah, na gode miki, ki yi wa maigidanki godiya. Ga gyaɗa nan ƙulli biyu, ɗaya na Gajere ne.

Liman ya kira gayya, an kwashe hatsin duka an zuba a rumbu kafin shanu su iso. Mustafa ya kai keken an miƙe masa ƙafa. An aiko daga Tarka, Zuhaira ta sauka lafiya, namiji.

Matan gari sun yi magana kamar yadda kika ce. Wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni.  Kin tambaye ni abin da na ce masa. Ban ce komai ba da ya wuce a tashi a tafi. In ya dawo zan koma ajiye kwano a bakin ƙofa yadda na saba, kada ya sa rai da wani abu.

Na sayi gidan sauro na ɗaura masa a ɗaki. Ki tabbata yana cin abinci, ba ya son miya mai yawan yaji, tun yana ƙarami.

Ki gaida yara. Ki gaishe mini da Yahuza.

Yayarki,
Hajjo